Mafarki da Mai Mafarkin

Masu binciken barci sun ƙiyasta cewa mutum yakan shafe kusan sa'o'i biyu yana mafarki a kowane dare, amma abin da yake tashi da shi da safe bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci fuskar mutum guda ce take saura, wani lokaci fargaba ce marar tushe da ta tsaya a ƙirji, sau da yawa kuma babu komai. Duk da ƙanƙantarsa, ɗan guntun nan yana iya hana mutum sukuni yini guda, har ya fasa tafiya ko ya fara yi wa wani kallon tuhuma. Na daɗe ina bibiyar abin da malamai da masana suka faɗa a kan mafarki, kuma inda na tsaya shi ne cewa mafi yawan mafarkai labarin mai barcin suke bayarwa, ba labarin gobe ba, don haka duk fassarar da ba ta fara da tambayar wane ne ya yi mafarkin ba, ban cika ba ta muhimmanci ba.

Kafin tsakiyar ƙarni na 20, masana sun ɗauka cewa barci hutu ne kawai, wato ƙwaƙwalwa tana rage aiki har gari ya waye. Wanda ya rushe wannan zato wani ɗalibi ne a Jami'ar Chicago ta Amurka, Eugene Aserinsky, wanda yake aiki a ƙarƙashin malaminsa Nathaniel Kleitman. Wata rana da dare ya manna wayoyi a kai da gefen idanun ɗansa mai shekara 8, ya haɗa su da wata tsohuwar na'ura mai zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa a kan doguwar takarda, sannan ya koma ɗakin da ke kusa yana kallon alƙaluman na'urar. Can cikin dare alƙaluman suka fara kai da kawo da ƙarfi, irin yadda suke yi idan mutum yana farke yana waige-waige. Ya leƙa yana zaton yaron ya farka, sai ya tarar da shi kwance yana sharar barci, idanunsa a rufe amma ƙwayoyinsu suna zirga-zirga a ƙarƙashin fatar ido. A 1953 shi da Kleitman suka wallafa sakamakon bincikensu, kuma a 1957 William Dement, shi ma ɗalibin Kleitman, ya nuna cewa idan aka tashi mutum a daidai wannan lokaci, kusan sau 8 cikin 10 zai ba da labarin mafarki.

Daga nan aka gane cewa barcin dare ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida kafin safiya, kuma a ƙarshen kowanne akwai wannan barci na motsin ido. Na farkon dare gajere ne, mintuna kaɗan, amma yana ƙara tsawo yayin da dare yake tafiya, har na goshin asuba ya kai rabin sa'a ko fiye. Wannan ne ya sa mafarkin da muka fi tunawa shi ne na kusa da wayewar gari. A babban mutum, barcin motsin ido yakan ci kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na barcinsa, a sabon jariri kuwa kusan rabi ne. Ana yin mafarki a sauran matakan barci ma, sai dai ya fi zama gajere mai kama da tunani, ba shi da armashin labari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yanayin ƙwaƙwalwa a wannan lokaci, domin yana bayyana abubuwan da kowa ya sani game da mafarki amma bai cika tambayar dalilinsu ba. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a shekarun 1990 sun nuna cewa sassan da ke kula da tsoro da sauran motsin rai, da waɗanda ke ƙera hoto, suna aiki tuƙuru, alhali sashen da ke bayan goshi, wanda yake auna abu da hankali ya ce wannan ba zai yiwu ba, ya yi lakwas. Shi ya sa za ka ga kanka zaune kana hira da wanda ya rasu shekaru da dama, a wani gida da ka tabbata naka ne ko da yake bai yi kama da naka ba, ƙofar ɗaki ta buɗe ta kai ka bakin teku, kuma ko kaɗan ba za ka yi mamaki ba. Mamakin sai bayan ka farka yake zuwa. Mantuwar ma tana da dalili, domin sinadarin noradirenalin, wanda yake taimakawa wajen kafa abu a ƙwaƙwalwa, yana yin ƙasa ƙwarai a wannan mataki na barci. Wanda ya ce shi ba ya mafarki, galibi ba ya farkawa ne a daidai lokacin da zai kama shi.

Akwai kuma wata rahama da ba mu lura da ita. A lokacin da mutum yake gudu ko kokawa a mafarki, gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, yana kashe ƙarfin tsokokin jiki, ban da na numfashi da na ido. Michel Jouvet, wani masani a birnin Lyon na Faransa, ya gwada wannan a kan kyanwoyi a shekarun 1960: da aka lalata ɗan wurin da ke yin wannan aiki, sai kyanwa ta miƙe cikin barci tana sanɗa, tana kai farmaki ga abin da babu shi. Idan tsarin ya sami tangarɗa, abu biyu ne ke iya faruwa. Na farko shi ne dannau, wato hankali ya farka kafin jiki ya dawo, mutum yana ganin ɗakinsa sarai amma ya kasa ɗaga ko yatsa, ya kasa ihu, yana jin nauyi a ƙirji, wani lokaci har yana ganin inuwar wani a tsaye a kansa, domin ragowar mafarkin ta biyo shi cikin farke. Abin yana da firgitarwa matuƙa, amma yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko mintuna kaɗan, kuma an fi samunsa ga wanda bai sami isasshen barci ba, ko wanda lokacin barcinsa ya rikice, ko mai kwanciya rigingine. Na biyu kishiyarsa ne: jiki bai mutu ba, sai mutum ya riƙa naushi da shuri yana aikata abin da yake gani. Likitoci biyu a jihar Minnesota, Carlos Schenck da Mark Mahowald, su suka bayyana wannan lalura a 1986, kuma bibiyar da aka yi daga baya ta nuna cewa da yawa daga masu ita, musamman maza masu manyan shekaru, sukan kamu da cutar Parkinson, mai sa rawar jiki, ko danginta bayan wasu shekaru. Wannan mafarki ne mai ma'ana ta gaske, amma likita ne mai fassara shi.

To, me ya sa muke yinsa tun farko? A nan kan masana ya rabu. Sigmund Freud, likitan birnin Vienna, ya fito a 1900 da ra'ayin cewa mafarki buri ne da mutum ya danne, wanda yake fitowa cikin sutura don kada mai shi ya gane shi. Ra'ayin ya yi tashe na tsawon shekaru, amma matsalarsa ita ce babu hanyar da za a gwada shi: duk abin da ka gani, mai fassara zai iya cewa yana ɓoye wani abu daban, idan ka musa kuma ya ce musun ma hujja ce. A 1977 Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Harvard suka koma ɗaya gefen baki ɗaya, suka ce gindin ƙwaƙwalwa ne yake harba saƙonni barkatai, saman ƙwaƙwalwa kuma yana ƙoƙarin ɗinke su su zama labari. Shi ma wannan bai gamsar ba, domin Mark Solms ya nuna a 1997 cewa akwai marasa lafiya da suka daina mafarki bayan rauni a wasu sassan saman ƙwaƙwalwa, alhali barcinsu na motsin ido yana nan daram. Ashe ba gindin ƙwaƙwalwa kaɗai ke da ta cewa ba.

Bayanin da ya fi kwanta mini a rai shi ne wanda ya danganta mafarki da aikin tace abin da aka gani da rana da adana shi. A shekarar 2000 Robert Stickgold ya sa mutane suka buga wasan kwamfuta na Tetris na sa'o'i da dama, sannan aka riƙa tashinsu da zarar barci ya fara ɗaukarsu ana tambayar abin da suka gani. Fiye da rabinsu suka ce suna ganin tubalan wasan suna saukowa. Abin da ya sa binciken ya yi suna shi ne akwai mutum 5 a cikinsu masu lalurar mantuwa mai tsanani, waɗanda ba sa iya tuna sun taɓa buga wasan, ba sa ma gane mai binciken idan ya dawo washegari. Uku daga cikinsu suka ba da labarin wasu siffofi da ke faɗowa suna juyawa, ba tare da sun san daga ina suka zo ba. Wato ƙwaƙwalwa tana ci gaba da juya abin da ta yi da rana ko da mai ita bai san ta yi ba. An ga irin haka a ɓeraye ma, inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka yi aiki yayin da ɓera yake bin wata hanya suke sake kunnuwa a jere iri ɗaya idan ya yi barci.

Wasu kuma sun fi karkata ga motsin rai. Rosalind Cartwright ta bibiyi mutanen da aurensu ya mutu, ta ga cewa waɗanda suke mafarkin tsohon miji ko tsohuwar mata, mafarki mai ɗauke da zafin rai, sun fi saurin farfaɗowa daga baƙin ciki. Antti Revonsuo na ƙasar Finland shi kuma ya ce a shekarar 2000 mafarki filin atisaye ne, inda ake gwada gudu da ɓuya da kare kai ba tare da an ji ciwo ba, kuma hakan ne ya sa mafarkin ana bin mutum da gudu ya zama ruwan dare a duk duniya. A ganina waɗannan bayanai ba sa karo da juna, kuma babu dalilin da zai sa a ce dole aiki ɗaya tak mafarki yake yi.

Idan aka tara mafarkai da yawa aka duba, abin da ake samu ya fi yadda muke zato zama na yau da kullum. Calvin Hall da Robert Van de Castle sun wallafa a 1966 nazarin mafarkai 1,000 na ɗaliban jami'a, 500 na maza da 500 na mata, suka ƙirga mutanen da ke ciki, da wurare, da abin da ya faru. Yawanci mutanen da aka sani ne, a wuraren da aka saba, ana yin abin da aka saba, sai dai rashin sa'a ya fi sa'a yawa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na motsin ran da aka ambata marasa daɗi ne, tsoro ne a gaba. Wanda aka haifa makaho yana mafarki da sauti da taɓawa da ƙamshi, wanda kuwa ya makance bayan ya yi wayo yakan ci gaba da gani a mafarkinsa. Kowa da kayan da rayuwarsa ta ba shi yake gina nasa.

Ni kaina akwai mafarkin da yake dawo mini lokaci zuwa lokaci. Ina zaune a ɗakin jarrabawa, an raba takardu, kowa ya sunkuya yana rubutu, ni kuwa na duba tambayoyin na ga darasi ne da ban taɓa shiga ajinsa ba, alƙalamina ya ƙi rubutu, mai sa ido yana tafe yana karɓar takardu daga layin gaba. Na bar makaranta da daɗewa, babu wata jarrabawa a gabana. Amma da na lura da lokutan da yake zuwa, sai na ga ba ya zuwa sai ina da wani aiki da na ɗauki alkawarinsa kuma na san ban shirya masa yadda ya kamata ba. Bai taɓa sanar da ni abin da ban sani ba, sai dai yana faɗa mini abin da nake kauce wa tunaninsa da rana.

A nan ne nake ganin magabata sun riga masu na'ura. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya kasa mafarki gida uku: akwai na gaskiya wanda bushara ce daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, wato abin da mutum yake saƙawa a ransa da rana sai ya gan shi da dare. Kusan duk abin da ɗakunan bincike suka auna yana cikin kashi na uku ne, kuma shi ne mafi yawa a rayuwar kowa. Kashi na farko ba abin musu ba ne ga mai imani. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ga taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada, kuma sarkin Masar ya ga shanu bakwai masu ƙiba ramammu bakwai suna cinye su, da zangarniya bakwai ɗanyu da wasu busassu. Abin lura a wannan ƙissa shi ne fadawan sarki sun ce tarkacen mafarkai ne, sun yi kuskure, kuma a duk ƙasar mutum ɗaya ne aka samu da ya san fassarar, shi ma Annabi ne da Allah ya sanar da shi. Haka nan shawarar farko da mahaifinsa ya ba shi ita ce kada ya ba 'yan'uwansa labarin abin da ya gani.

Muhammad ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, shi ne sunan da ya fi fice a fagen fassara, ko da yake masana da dama suna shakkar cewa shi ya rubuta littafin da ake jingina masa. An ruwaito cewa mutum biyu sun zo masa, kowannensu ya ga yana kiran salla a mafarki. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, ya ce wa na biyu za a kama shi da sata. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce ya ga alamar kirki a tare da na farko, ya tuna ayar da aka umarci Annabi Ibrahim ya yi shela ga mutane da Hajji, na biyu kuwa bai ga haka a tare da shi ba, sai ya tuna mai shelar da ya ce wa ayarin 'yan'uwan Yusuf lalle ku ɓarayi ne. Mafarki ɗaya, fassara biyu, domin mutanen biyu ne. Tun kafinsa ma, Artemidorus, wani Bagirke da ya rayu a ƙarni na 2 a yankin da yake cikin Turkiyya a yau, ya nace cewa mai fassara ba zai buɗe baki ba sai ya san sana'ar mai mafarkin, da shekarunsa, da lafiyarsa, da matsayinsa. Saboda haka jerin nan da ake yaɗawa, maciji maƙiyi ne, faɗuwar haƙori mutuwa ce, ruwa arziki ne, daidai yake da tela ya ɗinka wa kowa riga da awon mutum ɗaya. Macijin da mai kama macizai ya gani ba ɗaya ba ne da wanda yaron da aka taɓa sara ya gani.

Za a ce, ai mun sha ganin mafarki ya tabbata. Haka ne, amma ya kamata a yi lissafin waɗanda ba su tabbata ba. A 1932 aka sace jaririn Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin sama na Amurka, kuma kafin a gano inda yake, masana a Harvard ƙarƙashin Henry Murray suka nemi jama'a su aiko da mafarkan da suka yi game da yaron. An sami kimanin 1,300. Da aka tsinci gawarsa a cikin daji, sai aka koma aka duba: kashi 5 cikin 100 ne kawai suka gan shi a mace, kuma huɗu kacal suka haɗa da cewa yana binne a tsakanin itatuwa. Da ɗaya daga cikin huɗun nan ne kaɗai ya ba da labarinsa, da duniya ta ɗauka, sauran kuwa babu mai jin ɗuriyarsu. Ga kuma son zuciya. Binciken Carey Morewedge da Michael Norton na 2009 ya nuna cewa yawancin waɗanda aka tambaya a Amurka da Indiya da Koriya ta Kudu sun yarda mafarki yana ɗauke da ɓoyayyiyar gaskiya, amma mutane sun fi gaskata mafarki mai daɗi idan game da wanda suke so ne, da mummuna idan game da wanda ba sa so ne. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk lamarin, domin wanda ya ga wata tana binsa da wuƙa a mafarki, ya tashi ya yanke zumunci da ita, bai gano komai game da ita ba, zargin da yake ransa tun da can ne ya dawo masa da hoto. Malamai sun yi ittifaƙi cewa mafarkin wanda ba Annabi ba ba a gina hukunci a kansa, kuma koyarwar da ta zo game da mummunan mafarki ita ce mutum ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah, ya juya kwanciya, kada ya gaya wa kowa.

Wani lokaci dalilin ma bai wuce jiki ba. Zazzaɓi yana kawo mafarkai masu rikitarwa, wasu magunguna ma haka, ciki har da maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefloquine, kuma wanda ya kwana biyu bai sami barci ba, ranar da ya samu, barcin motsin ido yakan zo da yawa kamar yana biyan bashi. Ƙarar da ake yi a kusa da mai barci, ko sanyi, ko cikar mafitsara, duk suna iya shiga cikin labarin su sami gurbi.

Mafarkin da ya kamata a ɗauka da gaske shi ne mummunan da yake maimaita kansa har mutum ya fara tsoron kwanciya, musamman bayan haɗari ko yaƙi ko cin zarafi. Wannan yana da magani, kuma hanyar tana da sauƙin da zai ba mutum mamaki. Da rana, ido biyu, mai fama da shi yakan rubuta mafarkin, sannan ya canza shi yadda ya ga dama, ko ƙarshensa ko tsakiyarsa: ƙofar da take kulle ta buɗe, ko mai binsa ya tsaya ya juya. Daga nan sai ya riƙa rufe ido yana bitar sabon labarin a zuci na mintuna kaɗan kowace rana. Barry Krakow da abokan aikinsa sun gwada wannan a jihar New Mexico a kan mata 168 da aka ci zarafinsu, suka wallafa sakamakon a 2001, inda aka ga waɗanda suka bi hanyar sun sami raguwar munanan mafarkai, barcinsu ya gyaru, sauran alamomin firgicin ma suka ragu, kuma zama uku kawai aka yi da su wajen koya musu yadda ake yi.